Mun Ce Safara'u Tana Ringim

Ranar da aka kori Yaya Safara'u daga kamfanin sabulun da take aiki a Bompai, ni na je na ɗauko ta. Na tashi daga aikin safe ke nan a Sharada, warin narkakkiyar roba bai bar rigata ba, sai ga kiran Hafsat, ƙawarta da suke naɗe sabulu a teburi ɗaya.

"Sagir, ka zo yanzu. Yayarka tana bakin get."

Na same ta zaune a bencin masu gadi, ɗankwali ya zame baya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Shugaban sashensu yana tsaye a kanta riƙe da takarda.

"Kai ne ƙaninta? To ka ji. Sau uku tana kifar da kwali a satin nan. Tafiya tana layi, magana tana ja. Mun saba ganin irin wannan, maganin tari suke sha. Ba ma ajiye mai shaye-shaye kusa da inji."

Hafsat ta ce wallahi ƙazafi ne, shekara shida suna tare, ko goro ba ta taɓa ganin Safara'u ta ci ba. Ni kuwa, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya fito daga bakina shi ne, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

A cikin adaidaita, muna hanyar Hotoro, ta juyo ta dube ni.

"Sagir, ka yarda da shi?" Kalmomin suna fitowa da nauyi, kamar harshenta ya yi wa bakinta yawa.

"Haba, Yaya."

Amma na matsa kusa da ita kamar zan gyara zama, ina shinshinar numfashinta. Ta gane. Ta mayar da fuskarta titi har muka isa gida.

Umma tana tankaɗe a tsakar gida. Yaya Malam, wato babban wanmu Muhammad Nazir, malamin Islamiyya, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, yana alwalar la'asar. Safara'u ta shigo daga zaure tana dafa bango, tana ware ƙafa kamar mai tsoron santsi. Rariya ta tsaya cak a hannun Umma. Ta dubi Yaya Malam, shi ma ya dube ta. Ba kallon mamaki ba ne. Kallon mutanen da suka taɓa ganin abu ne, suka sake ganinsa.

Sai da Safara'u ta faɗi a banɗaki ta fasa goshi sannan aka yarda a kai ta asibiti. Ni da Yaya Malam muka raka ta. Aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wata mace mai sanyin murya. Ta sa Safara'u ta taɓa hancinta da yatsa, yatsan ya wuce ya sauka a kunci. Ta sa ta bi layin tayil ƙafa bayan ƙafa, taku biyu ta yi na tare ta. Likitar ta daɗe tana rubutu, sannan ta ɗago.

"Ina so ku yi tunani sosai kafin ku amsa. A danginku, wajen uba ko wajen uwa, an taɓa samun mai irin wannan? Tangaɗi, nauyin baki, ƙwarewa in ana cin abinci?"

"Babu," in ji Yaya Malam.

Safara'u ta ɗago kai. "Ba... Baba. Baba ma haka..."

"Hawan jini ne ya kashe mahaifinmu, Likita," Yaya Malam ya katse ta, muryarsa a kwance irin ta mai karantar da yara. "Ku yi haƙuri da ita. Tun da abin nan ya fara ba kullum take cikin hankalinta ba. Takan haɗa abin da ya faru da wanda bai faru ba."

Likitar ta juyo gare ni. "Kai fa? Me ka sani?"

Shekarata bakwai lokacin da aka tafi da Baba Ringim, garinsu, bai dawo ba. Amma ina tune da shi yana bin bangon gidan nan namu da tafin hannu. Ina tune da ƙarar cokali yana bugun haƙoransa in Umma na ba shi kunu. Duk wannan ya zo mini a lokacin, sarai. Sai na ji ƙafar Yaya Malam a kan tawa, a ƙarƙashin teburi.

"Hawan jini ne," na ce.

Likitar ta ƙara rubuta wani abu. Yaya Safara'u ta juyo gare ni. Ni kawai take kallo.

Aka ba mu takardu biyu, ɗaya ta hoton ƙwaƙwalwa, ɗaya ta sashen motsa gaɓoɓi, aka ce mu dawo bayan wata ɗaya da sakamako. Yaya Malam ya ninke su ya zura a aljihun jamfarsa. Da muka fito, ya zaunar da Safara'u a inuwa, ya ja ni gefe.

"Na san abin da ke ranka. Saurara. Saura wata huɗu bikin Firdausi. Ka san gidan su Uwaisu, wanda zai aure ta, ka san yadda suke bincike kafin su haɗa zuri'a. Ranar da kalmar gado ta fita daga ɗakin likitan nan, ta shiga unguwa. Ba Firdausi kaɗai ba. Kai ma aure za ka nema. Ni ina da 'ya'ya mata biyu. Ka ce in tsaya in buga wa zuri'a guda tambari saboda tambayar likita?"

"To hoton fa, Yaya?"

"Za a yi. A gama biki tukuna. Ciwo da waraka duk na Allah ne, wata huɗu ba zai canza abin da aka rubuta ba."

Maganar aurena da ya ambata ta shige ni fiye da yadda zan so in faɗa.

A gida aka ce wa Firdausi, autarmu, sammu ne. Ita ba ta san Baba ba, tana goye aka tafi da shi, don haka ta yarda. Aka shiga ruƙiyya safe da yamma, da rubutu, da zuma da habbatus sauda. Safara'u tana sha ba musu. Ranar da ta tambayi Yaya Malam yaushe za a koma asibiti, ya ce ta ƙara tawakkali.

Saura kwana uku a kawo lefe Umma ta ce a gyara ɗakin ajiya, wanda ke bayan kicin. A nan muke zuba buhun gawayi da tsohon keken ɗinki da kujerun da suka karye. Tagarsa ba ta fi faranti ba.

"Na kwana biyu ne," in ji Umma, ba ta kallon kowa. "Mata suna da ido da baki. Su gan ta tana layi su tafi da labari. In an tambaya, ta tafi Ringim wajen gwaggonku, ana yi mata magani."

Ni na ɗauki katifar. Ni na share ƙurar gawayin. Ni na riƙe hannun yayata na tsallakar da ita dokin ƙofa. Ta tsaya ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "A nan?" Na ce na kwana biyu ne, Yaya.

Da farko sai baƙi za su zo ake sa kwaɗo. Amma gidan da ake shirin biki ba ya rabo da baƙi. Yau masu ganin lefe, gobe tela, jibi ƙawayen amarya. Aka wayi gari kwaɗon ba ya barin ƙofar sai lokacin kai abinci da fitar da fo. Firdausi takan saci jiki ta shiga ta yi mata kitso, ta yanke mata farce, har ranar da Umma ta kama ta ta ce amarya ba ta kusantar mai sammu, kar abin ya shafe ta. Daga nan ta daina.

Ni nake kai wa Safara'u kunu kafin in fita aiki. Wata na farko tana riƙe kofi da hannu biyu, rabin kunun a rigarta yake ƙarewa. Wata na biyu ni nake riƙe mata. Tana sha tana ƙwarewa, ta yi ta tari har hawaye su zubo, ni kuma ina duba agogo don kar motar ma'aikata ta tafi ta bar ni.

"Sagir," ta ce wata safiya. "Wayarka. Ka duba mini."

"In duba me?"

"Abin nan. Me ne ne. Ko ba magani... ni dai in sani."

Na duba. Lokacin hutun rabin awa, ina zaune bayan injin busa leda, na rubuta alamomin ɗaya bayan ɗaya da ɗan Turancin da nake da shi. Sunaye suka fito dogaye, waɗanda ban iya furtawa ba. Wasu sun ce ƙari ne, wasu sun ce guba ce daga wurin aiki, wasu ƙarancin wani sinadari a jiki wanda ake iya magancewa. Na riƙe wannan na ƙarshen na ji sanyi. Amma duk shafin da na buɗe, sai na ci karo da layi ɗaya, cewa a tambayi ko akwai mai irinsa a dangi. In na kai nan sai in kashe wayar in koma bakin inji.

"Me ka gano?" takan tambaye ni.

"Ba komai tukuna, Yaya. Ina dai dubawa."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama a zaure. Hafsat ce, da ledar lemo da ayaba. Ta ce ta yi ta kiran wayar Safara'u a kashe. Wayar tana cikin akwatin Umma tun ranar da aka gyara ɗakin.

"Ai tana Ringim," na ce. "Can babu sabis sosai."

"Ikon Allah. Jikin fa?"

"Da sauƙi."

Sai muka ji ƙara daga cikin gida. Ƙwanƙwas. Ƙwanƙwas. Kofin silba ne ake bugawa a jikin ƙofar langa-langa, ba tsari, bugu ɗaya da ƙarfi, biyu a raunane. Safara'u ce, ta ji muryar ƙawarta.

Hafsat ta kasa kunne. "Mene ne wannan?"

"Mage ce. Ta addabe mu a kicin."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta miƙo ledar. "In an samu mai zuwa, a kai mata. Ka ce mata 'yan teburinmu duk suna gaishe ta. Ka ce har yanzu ba mu yarda da abin da aka ce ta yi ba."

Da ta tafi na buɗe ɗakin. Safara'u tana ƙasa, ta jawo jiki daga katifa zuwa bakin ƙofa, kofin a hannunta. Na ɗaga ta na mayar. Na ɓare mata lemo ɗaya. Ta damƙe bakinta, ta juya fuska bango. Ban isar da saƙon Hafsat ba, don in na isar na amsa cewa ta zo.

Ranar yinin biki gidanmu ya cika har waje. Tun da safe Safara'u ta roƙi Umma a sa mata ankon, atamfa mai ruwan goro da aka ɗinka wa 'yan uwan amarya. Umma ta sa mata, ta ɗaura mata ɗankwali, ta fito tana share ido da bakin mayafi, ta mayar da kwaɗo. Ni kuma ta riƙe hannuna lokacin da na kai mata ruwa.

"In za a... fita da ita. Ka buɗe kaɗan. In gan ta."

"To, Yaya."

Ina jin mata suna tambayar Umma ina babbar yaya, Umma tana cewa tana Ringim, jikin ne bai bari ta zo ba. Suna cewa ayya, Allah ya ba ta lafiya, suna tsaye taku biyar daga ƙofar. Da aka yi la'asar motoci suka iso. Ni ne mai tsara wa zai shiga wace mota, wa zai ɗauki akwati. Aka fito da Firdausi a lulluɓe tana kuka, ana guɗa. Na tuna. Ba zan ce na manta ba. Na dubi ƙofar, na dubi dangin ango cike da tsakar gida, na juya na bi amarya waje.

Sai bayan magariba, da gida ya yi sauƙi, na buɗe. Tana kwance a bakin ƙofa cikin ankonta, ɗankwalin ya faɗi. Wani ya tura mata farantin shinkafar biki da rana ya sake rufewa. Shinkafar ta watse a ƙasa, wata a ƙirjinta. Numfashinta yana fita da wani gurnani da ban taɓa ji ba. Ba ta tambaye ni komai ba.

Bayan sati ɗaya na samu Yaya Malam a zaure yana duba littattafan ɗalibai.

"Yaya, an gama biki. Takardun asibitin fa?"

"A bari yarinya ta zauna a ɗakinta tukuna. Aure ɗanye ne. Yanzu dangin miji suke sa ido."

Bayan wata ɗaya na sake tambaya. Ya ce a bari ta samu ciki, in da rabo a tsakani ba mai iya raba su. Bayan wata biyu ya ce takardun sun ɓace, wataƙila an wanke su cikin riga. An daina sa kwaɗo a lokacin, saboda babu buƙata. Safara'u ba ta iya kaiwa bakin ƙofa. Ƙafafunta sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Tarin bai tsaya ba tun ranar biki, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Umma tana yi mata wanka, tana shafa mata man zaitun da aka tofa, tana kuka a ɓoye. Ba zan ce ba ta son 'yarta ba. Amma ko sau ɗaya ba ta ce a mayar da ita ɗakinta na da ba, don maƙwabta suna shigowa, kuma mun riga mun ce tana Ringim.

Wata safiya ina ba ta kunu ta ƙware, fuskarta ta yi duhu, idanunta suka firfito. Na ɗaga ta ina bubbuga bayanta. Hannuna ya sauka a kan danshi. Na ɗaga rigar. Gyambo ne a ƙugunta, faɗin tafin hannuna.

Ban je aiki ba. Na fita ƙofar gida na kira Hafsat.

"Yaya Safara'u ba ta taɓa zuwa Ringim ba," na ce. "Tana nan. Ranar da kika zo ma tana nan."

Ta ce, "Na sani. Na san ba mage ba ce. Ni ma na tafi na bar ta. Ga ni nan zuwa."

Mu biyu muka naɗo ta cikin zane. Ba ta da nauyi. Yaya Malam yana makaranta. Umma ce ta tare zaure, ta buɗe hannuwa.

"Sagir, za ka tona mana asiri."

"Umma, ku ba mu hanya."

"Ba ka san komai ba, kai yaro ne lokacin. Shekara uku ina jinyar ubanku. Danginsa suka ce ni na yi masa asiri. Har kabarinsa ba su bar ni na ji inda yake ba. Aka daina cin abincin hannuna a unguwar nan. Da ƙyar na binne maganar, da ƙyar na aurar da yayarku, auren ma bai ɗore ba. Yanzu ka ce in sake?"

"Umma, ku dube ta."

Ba ta duba ba. Ta jingina da bango, ta zame ta zauna a ƙasa, muka wuce ta gefenta.

Likitar ta gane mu. Ta buɗe fayil ta ce, "Wata ɗaya na ce. Yau wata takwas." Ta sa aka kwantar da Safara'u, aka sa mata iska a hanci, aka yi hoton ƙirji da na ƙwaƙwalwa. Washegari ta kira ni ofishinta. Kafin ta fara magana na riga ta.

"Likita, ƙarya na yi muku. Mahaifinmu haka ya yi. Tangaɗi, nauyin baki, ƙwarewa. Shekara uku, ya rasu."

Ta ajiye biro.

"Yayarka ta faɗa mini ranar. Ku kuka ce ba ta cikin hankalinta, ni kuma na rubuta haka. Na bi wata hanya daban da tunanina saboda maganarku."

"Da na faɗa, da ta warke?"

"Ba zan yi maka ƙarya don ka ji zafi ko ka ji sanyi ba. Hoton ya nuna ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, mai kula da daidaiton jiki, ya motse. Cututtuka da yawa suna yin haka. Wace ce tata a ciki, ban sani ba, gwajin jinin da zai nuna ba a yin sa a nan, sai an aika waje. Mai yiwuwa ba ta da magani. Amma da kun dawo, da mun koya muku yadda ake ba ta abinci, a zaune, da kauri, kaɗan-kaɗan. Da an riƙa motsa mata ƙafafu. Da an riƙa juya ta. Mutane suna shekaru da irin wannan suna zaune cikin iyalinsu. Abin da ke neman ranta yanzu ciwon huhu ne, abinci ya daɗe yana bin hanyar iska. Da gyambon nan. Waɗannan ba ciwon ne ya kawo su ba. A ina kuka ajiye ta?"

Na faɗa mata. Ta ɗauki biro ta ja layi a kan abin da ta rubuta wata takwas da suka wuce.

Kwana tara ta yi a asibiti. Hafsat tana zuwa kullum in ta tashi daga aiki, ranar Lahadi ta zo da matan teburinsu su huɗu. Umma ta zo a rana ta uku, ta zauna a bakin gado ba ta sake tafiya ba. Yaya Malam ya zo sau ɗaya, ya yi addu'a mai tsawo, bai dube ni ba.

A rana ta bakwai da hantsi Umma ta fita wanke kwanuka, ya rage ni da ita. Ta motsa leɓe. Na kai kunnena.

"Ka... faɗa?"

"Na faɗa, Yaya. Na ce Baba ma haka ya yi. Likita ta goge abin da aka rubuta a kanki."

Ta lumshe ido, ta daɗe. Na zaci barci ta yi.

"Me... ne ne?"

"Ba su sani ba tukuna. Sun ɗebi jini, za a aika."

Ta tara numfashi. Kowace kalma sai ta huta kafin ta gaba.

"Na ji... ka ce... mage."

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce Yaya ki yafe mini, don Allah ki yafe mini. Na faɗa ban san sau nawa ba. Hannunta ya taso daga kan zanen gado ya bugi kafaɗata ya koma. Hannun nan ya daɗe yana motsi ba da izininta ba. Har yau ban sani ba ko dafa ni ta yi, ko ture ni, ko ciwon ne kawai.

Ta rasu bayan kwana biyu, ana kiran sallar azahar.

A zaman makoki Yaya Malam yana gaya wa masu gaisuwa cewa an dawo da ita daga Ringim jikin ya tsananta. Maƙwabta suna yaba mana, suna cewa mun yi ƙoƙari, ba kowane gida ne ke riƙe bazawara mara lafiya haka ba. Ina zaune a tabarma ina amsa amin. Bayan addu'ar bakwai ya kira ni zaure ya ce magana ta ƙare, an binne ta tare da mai ita, in na ƙara tayar da ita ba shi ba ni.

Amma likitar ta ce mini abu ɗaya kafin mu ɗauki gawa. Ta ce 'yan uwanta suna da haƙƙin su sani, kowa ya zo a yi masa bayani, ya yanke wa kansa abin da zai yi da rayuwarsa.

Ranar Asabar da yamma na tafi Na'ibawa, gidan Firdausi. Firdausi ta kawo mini ruwa, tana tafiya a hankali, cikinta ya fara tasowa. Na ce ta zauna. Na fara daga Baba, na bi ta ofishin likita, da ƙafar Yaya Malam a kan tawa, da takardun da ba a yi amfani da su ba. Ba ta katse ni ba. Hannunta yana kan cikinta.

"Kun ce mini sammu ne," ta ce daga ƙarshe. "Kun hana ni shiga ɗakinta. Ina lalle tana bayan kicin."

"Saboda ke aka yi, Firdausi. Don kar aurenki ya lalace."

"Saboda ni? Wa ya tambaye ni, Yaya Sagir? A cikinku wa ya zaunar da ni ya ce ga auren, ga yayarki, zaɓi?"

Ta miƙe ta leƙa falo ta kira mijinta. Uwaisu ya shigo da hularsa a hannu.

"Maimaita masa," ta ce. "Daga farko. Kar ka rage komai."

Na maimaita. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ɗago kai. Ya dubi matarsa, ya dubi cikinta. Ya ce mahaifiyarsa za ta yi faɗa in ta ji, kuma shi ma ransa ya ɓaci da aka ɓoye masa. Sannan ya tambaye ni wace rana likitar take ganin mutane, don su je tare.

Shi ke nan. Abin da muka kulle mace mai hankalinta a ɗakin gawayi dominsa, muka mayar da ita mahaukaciya a gaban likita, muka yi wa unguwa ƙarya wata takwas, mutumin da muke tsoro ya ji shi cikin minti goma, ya tambayi ranar ganin likita. Wataƙila a wani gidan da an fasa auren. Ko da an fasa, Firdausi tana da ƙafa, tana da baki, tana da sauran shekaru. Mun dubi mutum biyu a gidanmu, muka ɗauki wadda ba ta iya gudu ba ta iya ihu, muka ce ita za ta biya. Muka kira shi rufin asiri, muka kira shi tawakkali, kowa ya ci abincinsa ya ƙoshi.

Firdausi ta rako ni bakin ƙofa. Na tsaya ina neman takalmina, na ce, "Ki yafe mini."

"Ni mai sauƙi ce, Yaya Sagir," ta ce. "Ina raye, wata rana zan huce. Amma ba ni ce mai haƙƙin ba."